Kayan Gwajin Kimiyya Don Ƙananan Yara: Abin Da Za A Saya Da Abin Da Ke Cikin Gida Tuni

"Mama, me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, alhali a ɗaki ɗaya suke?" Duk uwar da ke da ɗan shekara 6 ko 7 a Abakpa ta taɓa jin tambaya irin wannan, galibi a lokacin da take tuƙin tuwo. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, "Haka Allah ya yi shi, je ka yi wasa." Gaskiya ta faɗa, sai dai yaron ya tafi bai ƙaru da komai ba. In aka sallame shi haka sau goma, zai daina tambaya. Yaron da ya daina tambaya tun yana aji biyu shi ne wanda zai isa sakandare yana haddace kimiyya kamar waƙa, ya zuba ta a takardar jarrabawa, ya manta da ita kafin hutu ya ƙare.

'Yan'uwa, wannan koyarwa domin iyaye ce, da kakanni, da duk mai riƙon yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku na firamare. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye a Nijeriya nauyin sa kowane yaro a firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka yawancinmu ba cire yara daga makaranta muke yi ba. Duk da haka gida yakan zama makaranta ko mun shirya ko ba mu shirya ba. A watan Maris na 2020 an rufe makarantu saboda annobar korona, yara suka yi watanni a gida. A 2021 matsalar tsaro ta sa an rufe waɗansu makarantu a jihar Kaduna. Ga dogon hutun Agusta, ga rashin lafiya, ga zangon da kuɗin makaranta ya yi jinkiri. A irin waɗannan lokuta iyaye sukan iya koyar da karatu da lissafi. Kimiyya ce ake ajiyewa, da hujjar cewa ba kayan aiki.

Bari mu duba wannan hujja, mu ga ina ake samun kayan, wanne ya cancanci kuɗinmu, wanne kuma yake cikin gidanmu tuni.

Me ya sa sai an taɓa da hannu?

Darasin kimiyya yana cikin manhajar firamare tun daga aji ɗaya, kuma hukumar NERDC ce take tsara manhajar. Abubuwan da ake koya wa ƙananan yara ba masu wuya ba ne: gaɓoɓin ji da gani, masu rai da marasa rai, ruwa, iska, ƙasa, haske, launi, da ƙananan na'urori na cikin gida. Amma a ajin da yara suka yi yawa, malami ɗaya da alli ɗaya ba zai iya ba kowa abin taɓawa ba. Sai ya rubuta a allo, yara su kwafa.

Yaro ɗan shekara 6 bai riga ya iya riƙe magana zalla a kansa ba. In ka ce masa iska tana cin wuri, zai maimaita maka daidai, amma bai gane ba. Ba shi sirinji marar allura, ya toshe bakin da yatsa, ya danna. Zai ji wani abu yana ture hannunsa daga ciki, alhali bai ga komai ba. Daga ranar nan ya san iska abu ce. Aikin kayan gwaji ke nan: su ba yaro abin da zai gani, ya taɓa, ya auna, sa'an nan kalmar da ke littafi ta sami wurin zama.

Akwatunan da ake sayarwa

Wanda ya shiga neman akwatin gwaji zai tarar da iri uku.

Na farko su ne na kantin kayan wasa da na kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuma abu ɗaya ake haɗawa da kowanne: ƙaramar mota mai aiki da hasken rana, ko dutse mai aman kumfa. Yaro yakan yi murna da su ranar farko. Da ya haɗa, ko garin da ke ciki ya ƙare, wasan ya ƙare.

Na biyu su ne na makarantu. A nan gida akwai cibiyoyin ƙera kayan kimiyya a Minna da Enugu, ƙarƙashin hukumar NASENI, waɗanda suke yin akwatunan gwaji na firamare. An yi su ne domin aji guda da malaminsa, don haka sun fi dacewa da makaranta ko ƙungiya fiye da gida ɗaya.

Na uku su ne waɗanda kamfanonin Amurka da Ingila suke aika wa iyalai wata-wata. Da dala ko fam ake biya, ga kuɗin jigila, kuma an tsara da yawansu bisa yanayin ƙasashen da ake yin dusar ƙanƙara, da kayan kicin da ba namu ba.

Ba laifi ba ne a sayi akwati in da hali. Amma kafin ku ba da kuɗi, ku yi wa kanku tambayoyi biyar. Gwaji nawa za a iya yi da shi, ɗaya ko ashirin? In wani abu ya ƙare ko ya lalace, za a sami madadinsa a Kaduna? Yaron ne zai yi aikin, ko babba ne zai haɗa shi kuma yana kallo? Shekarun da aka rubuta a jikin kwalin sun yi daidai da nasa? Akwai takardar bayani da ku kanku za ku iya bi? In amsar biyu daga cikin waɗannan a'a ce, ku bar shi a kanti.

A yi hattara musamman da madubin ganin ƙananan halittu na roba, wanda ake rubuta wa cewa yana ƙara girman abu sau ɗaruruwa ko dubu. Mai arha irin wannan yakan nuna dishi-dishi ne kawai, yaro ya gaji ya ajiye. Wanda yake son madubi na gaske mai sauƙin kuɗi, akwai Foldscope, na takarda, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka. Yana ƙara girman abu sau 140. Ko shi ma ya fi amfani ga yaron da ya ɗan tasa. Ɗan aji ɗaya gilashin hannu ya ishe shi.

Ba yau aka fara wannan tunani ba

A 1965 masana ilimi daga ƙasashen Afirka da na waje suka yi taro a Kano a kan yadda za a koyar da kimiyya a firamare. Daga taron nan aka kafa wani shiri na koyar da kimiyya ga yaran Afirka, wanda ya bazu a ƙasashe da dama. Tushen shirin shi ne yaro ya koya ta wurin bincike, da kayan da ke kewaye da shi. Ɗaya daga cikin darussansa da suka yi suna an gina shi ne a kan ɗan ƙwaron nan da yake haƙa rami mai kamar mazurari a cikin yashi, yana jiran tururuwa ta zame ta faɗa. Yara sukan zauna a bakin ramin su yi tambaya, su gwada, ƙwaron ya ba su amsa da abin da ya yi. Irin wannan rami yana nan a gindin katangar gidaje da yawa a lokacin rani, ba a biyan ko kwabo.

Mu koma kan randa. Mohammed Bah Abba ya kasance malami a jihar Jigawa, daga gidan masu ginin tukwane. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, yana bin iska, yana tafiya da zafi. Kayan miya da ke ciki sai su yi kwanaki ba su lalace ba, ba tare da lantarki ba. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Amsar tambayar da yaron nan ya yi wa mamarsa ita ce ainihin abin da malamin ya yi aiki da shi.

Abubuwa bakwai da suka cancanci a saya

Akwatin da zai yi wa gida aiki shekara uku ba ya bukatar fiye da abubuwa bakwai na saye. Ba dole a saye su rana ɗaya ba.

1. Gilashin ƙara girma na hannu. Ana samunsa a shagunan littattafai da kayan makaranta, a titin Ahmadu Bello ko cikin kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ku gwada shi a kan rubutu kafin ku biya. In ba a samu ba, ɗigon ruwa ɗaya a kan farar leda mai haske yana ƙara girman harafin da ke ƙarƙashinsa.

2. Maganaɗisu. Kowace tsohuwar sifika tana da shi a bayanta, zagayayye, baƙi. Mai gyaran rediyo na unguwa zai cire muku daga wadda ta mutu. Babba ya fi, domin ba ya shiga baki.

3. Manyan batiran tocila guda 2, ƙwan tocila, da waya mai rufin roba kamar kamu biyu. Kowane batir volt 1.5 ne, ba ya jan mutum. In ƙwan irin na tocilar caji ne, yana bukatar batir biyu a jere, kuma in bai kama ba sai a juya ƙafafunsa.

4. Ma'aunin zafi. A nan iyaye da yawa suke kuskure. Wanda ake auna zazzaɓi da shi daga wajen digiri 32 zuwa 42 kawai yake karantawa, ba zai nuna sanyin ruwan randa ba. Ku nemi na bango mai jan ruwa a ciki, ko na kicin mai lamba.

5. Tef ɗin tela da rula. Tef ɗin tela santimita 150 ne, ya isa auna tsayin yaro, da inuwa, da tsiron masara.

6. Sabon sirinji marar allura, na mililita 10 ko 20, daga kyamis. Da shi ake auna ruwa daidai, da shi ake gwajin iska.

7. Littafin rubutu da fensir, na gwaji kaɗai. Wannan ya fi sauran duka muhimmanci, za mu ga dalili a gaba.

Sauran kayan daga gida za su fito: kwalaben roba masu haske, gwangwanayen tumatir da aka daddanne bakinsu, murafun kwalba, zare, ƙusoshi, tsohon mataji, madubi, rariya, auduga, balan-balan. Ledar ruwan sha rabin lita ce, ta zama ma'auni. Maratayin riga da gwangwani biyu a ɗaure gefe da gefe ya zama sikeli, murafun kwalba su zama duwatsun awo. A zuba duka a kwali ɗaya ko tsohon bokitin fenti mai murfi da aka wanke sarai, a rubuta sunan yaran a jiki.

Gwaji bisa lokutan shekara

Abin da akwatin waje ba zai ba mu ba shi ne yanayin garinmu. In muka bi shekarar Kaduna, kowane lokaci yana zuwa da darasinsa.

*Hunturu.* Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙwarai. A goga mataji ko biro a busasshen gashi ko rigar sanyi, a kai shi kusa da 'yan gutsattsarin takarda, za su yi tsalle su manne. Wannan shi ne tartsatsin da yara suke gani a bargo da dare. A rubuta ranar da aka yi, a sake gwadawa a watan Agusta. Zai yi rauni ko ya ƙi, domin damshin iska yana kwashe cajin. Haka kuma a shafa ɗan man shafawa a farar takarda, a ajiye ɗaya a taga, ɗaya a cikin akwati, bayan kwana uku a duba su da gilashi. Yaro zai ga ƙurar da muke shaƙa, ya kuma gane dalilin rufe abinci.

*Bazara.* Yanzu ne lokacin amsa tambayar randa. A cika kwalba biyu iri ɗaya da ruwa ɗaya. A naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, a bar ɗayar haka. A ajiye su a inuwa inda iska take wucewa, bayan awa ɗaya a auna. Mai ƙyallen za ta fi sanyi. Sai a sa yaron ya shafa jikin randa ya ji damshi, ya shafa bokitin roba ya ji shi a bushe. Ku bar shi ya haɗa maganar da kansa. In ya tambaya ko shi ya sa gumi yake sanyaya jiki, to, ya gane.

A bazara kuma akwai abin da yaran Ingila ba za su taɓa gani a ƙasarsu ba. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana takan bi ta tsakiyar kanmu sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. A kafa sanda a miƙe a tsakar gida, a riƙa auna inuwarta da misalin ƙarfe 12:30 na rana sau ɗaya a mako. A Janairu inuwar tana nuna arewa. Tana ta raguwa har a tsakiyar Afrilu ta kusan ɓacewa a gindin sandar. A Yuni sai ta koma nuna kudu. Afrilu ya fi Agusta kyau don wannan, saboda hadari.

*Damina.* A yanke saman kwalbar roba mai miƙaƙƙen jiki, a kife shi ciki kamar mazurari, a ajiye a fili nesa da indararo. Kowace safiya yaro ya auna ruwan da rula, ya rubuta, ya zubar. A ƙarshen damina zai faɗa muku da kansa watan da ya fi ruwa. A jera wake tsakanin jiƙaƙƙiyar auduga da jikin kofi mai haske. Cikin 'yan kwanaki saiwa za ta fito, kuma ƙasa za ta nufa ko ta yaya aka kwantar da ƙwayar. A sa kofi ɗaya a taga, ɗaya a cikin kabad, a ga bambancin launi da tsayi. A kuma ɗebo ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya, mai 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, a zuba a kwalba, a ɗaure bakin da ƙyallen gidan sauro. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sauro zai bayyana a ciki. Kada a buɗe, a zuba ruwan sabulu ta saman ƙyallen a kashe su. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai an tilasta masa kife gwangwanayen bayan gida ba.

*Kaka.* A tara iri daban-daban: masara, dawa, gero, gyaɗa, wake, riɗi, kuɓewa. Yaro ya rarraba su bisa girma, launi, ko santsi, ya ƙirga, ya auna a sikelinsa ƙwayar gero nawa ce take daidai da ƙwayar masara ɗaya. Rarrabawa da aunawa su ne farkon kimiyya, kuma lissafi yana shiga ba tare da an kira sunansa ba.

Gwajin da ba ya jiran lokaci

Kicin ɗin kowace mace yana da abin mamaki. A jiƙa zoɓo, a tace, a raba ruwan kofi uku. A ɗiga lemun tsami a na farko, zai ƙara ja mai haske. A ɗiga ruwan kanwa a na biyu, zai yi duhu ya koma wajen kore. Na uku a bar shi don kwatanci. Zoɓo yana nuna abin da yake da tsami da abin da yake kishiyar tsami, aikin da ake sayen takarda ta musamman dominsa a sakandare. Daga nan yaro ya gwada ruwan tsamiya, ruwan toka, ruwan sabulu, ya rubuta kowanne a ɓangarensa. In aka matsa lemun tsami a kan garin kanwa zai yi kumfa, kumfar nan iska ce sabuwa da ta fito daga haɗuwar su biyun. Yis da sukari da ruwan ɗumi a kwalba, da balan-balan a bakinta, za su hura balan-balan ɗin, kuma yaro ya san abin da yake kumbura fanke.

Da maganaɗisu, a ce ya zagaya gida ya fara faɗin abin da yake tsammani zai kama kafin ya gwada. Ƙusa za ta kama, tukunyar alminiyam ba za ta kama ba, jan ƙarfen cikin waya ma haka. A nan zai koyi cewa ba kowane ƙarfe ne ɗaya ba. A sa maganaɗisun cikin leda a ja shi cikin busasshen yashi, baƙin gari zai manne. A goga allura a jikinsa sau da yawa ta fuska ɗaya, a ɗora ta a kan ɗan ganye a faranti mai ruwa, za ta juya ta tsaya tana nuna arewa da kudu.

Da batir da ƙwai, a bar giɓi a tsakanin waya biyu, yaro ya riƙa sa abubuwa a giɓin: cokali, tsinke, makulli, roba, bakin fensir. Wanda ya kunna ƙwan yana ba wuta hanya, wanda bai kunna ba yana tare ta. Daga nan ne za ku bayyana masa dalilin da ya sa ake rufe waya da roba.

Fita waje ma gwaji ne. A Panteka yaro zai ga yadda ake narka tsohon alminiyam a zuba shi a ƙasa ya fito tukunya, daga nesa kuma hannunsa cikin naku. A gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu zai ga kayan yumɓu na mutanen Nok, daga kudancin jiharmu, waɗanda suka iya narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Yadda za a tafiyar da darasin

Minti 20 zuwa 30, sau ɗaya ko biyu a mako, ya isa. Tsarin guda ne kullum. A fara da tambaya. A ce, "Me kake tsammani zai faru?" A gwada. A ce, "Me ka gani?" Sa'an nan ya zana ko ya rubuta a littafinsa, da kwanan wata. Wanda bai iya rubutu ba tukuna ya yi zane, babba ya rubuta masa abin da ya faɗa da kalmominsa. Littafin nan ne yake mai da wasa ilimi, domin da shi za a kwatanta Janairu da Agusta.

A riƙa canja abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji. In wake ɗaya yana taga ɗaya yana kabad, to, ruwansu da kofinsu su zama iri ɗaya, in ba haka ba ba za a san abin da ya kawo bambancin ba. A yi bayani da harshen da yaron ya fi ji, Hausa ko yaren gida, sa'an nan a faɗa masa sunan abin da Turanci kamar yadda yake a littafin makarantarsa.

In gwaji ya ƙi, kada a ɓoye, kada a sa yaro ya rubuta abin da bai gani ba. Faɗin gaskiya a kan abin da ido ya gani tarbiyya ce da za ta bi shi har girma. In kuma ya yi tambayar da ta fi ku, ba abin kunya ba ne uba ya ce, "Ban sani ba, bari mu gwada," ko "Bari mu tambayi malaminka." A ba 'yan mata batir da waya daidai da maza, a ba maza aikin zoɓo da tsiro daidai da mata.

Kiyaye lafiyar yara

Wannan sashe kada a tsallake shi. Gwajin lantarki da batir kaɗai ake yi. A gaya wa yaro sarai cewa wutar soket da ta janareta tana kisa. Ƙananan batira masu kamar maɓalli, na agogo da na kayan wasa, in yaro ya haɗiye suna iya ƙona maƙogwaronsa cikin awa 2. A kai shi asibiti nan take, kada a jira alama. Ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi ma in aka haɗiye fiye da ɗaya suna iya manne hanji su huda shi. In akwai mai rarrafe a gida, a tattara iri, da murafu, da fasasshen balan-balan da zarar an gama.

Kada a kalli rana da gilashin ƙara girma, kada kuma a bar shi a rana, yana iya ta da gobara. Kada a haɗa bilic na wanki da komai. Sodar da mata suke yin sabulu da ita ba kayan gwajin yara ba ce, tana ƙona fata, tana makantarwa. Kada a fasa batirin mota, ko na babur, ko na sola, domin akwai dalma da ruwan batir a ciki. Mun tuna yadda gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Kada a ɗauko sirinjin da aka yi amfani da shi. Ruwan da aka tace da yashi da gawayi yakan yi haske, amma ba na sha ba ne sai an tafasa. Doka ɗaya ta rufe sauran: ba a ɗanɗana komai a lokacin gwaji sai babba ya ce a ɗanɗana, kuma ba a buɗe akwatin sai da babba.

Mu haɗa hannu

Ba kowane gida ne zai iya sayen ma'aunin zafi da gilashi ba, kuma ba kowace uwa ce take da sukunin zama ba. Gidaje huɗu ko biyar na layi ɗaya, a Abakpa ko Unguwar Shanu, suna iya haɗa akwati ɗaya ya riƙa zagayawa mako-mako, da takardar da aka lissafa abin da ke ciki a manne a murfin. Zumuntar mata tana iya ɗaukar nauyinsa. A kusan kowace ikilisiya akwai malamin makaranta da ya yi ritaya, da nas, da mai gyaran lantarki, da ɗalibin kwaleji da yake hutu. Awa ɗaya ranar Asabar daga kowannensu za ta ishi yara goma, har da 'ya'yan maƙwabta da ba sa zuwa majami'armu. In ikilisiya tana da makarantar firamare, a nan ne ya dace a yi maganar sayen babban akwati na aji.

A wannan mako, ku nemi kwali ɗaya da littafin rubutu ɗaya. Ku sa kwalba biyu da tsohon ƙyalle a ciki. Ranar Asabar ku kira yaron da ya yi tambayar randa, ku ce masa ya kawo ruwa. Allah ya ba mu haƙuri da hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Amin.